Gugan Farko na Iya Marka

An taɓa yin wani sarki a ƙasar Kurmin Gawo, sunansa Mamuda, mutum mai yawan kyauta da son a ce ya kyauta, wanda bai taɓa kwana da niyyar zaluntar kowa ba, ko da yake, kamar yadda mai karatu zai gani, ba sai da niyya ake danne talaka ba. Yana da waziri ana kiransa Ukashatu, dattijo mai ilmi da nauyin baki, wanda in aka tambaye shi abu da hantsi sai ya yi ta juya shi a ransa har rana ta karkata kafin ya amsa. Fadawa sukan yi masa ba'a a bayan ido, suna cewa ko sannu aka yi masa sai ya duba littattafai kafin ya ce yauwa. Ba'ar ba ta dame shi ba, domin ya san ranar da al'amari ya cije ƙofarsa za a zo.

Da mahaifiyar sarki ta rasu, Allah ya jiƙanta, sai ya yi nufin yi mata sadaka mai gudana. Ya kira Barmo, shugaban mahaƙa rijiya na ƙasar, ya umarce shi da ya haƙa rijiya a Zangon Ɗinya, wani ƙauye da ke bakin hanyar fatake, inda matafiya da makiyaya ke shan wuyar ruwa da zarar bazara ta kama. Ya ce, "Ina son rijiya wadda ba ta ƙafewa, a sha a yi wa uwata addu'a har bayan raina." Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya tara mutanensa suka tafi.

To, yadda mahaƙa ke neman ruwa ba wani asiri ba ne: inda suka ga kore a lokacin da ko'ina ya bushe, nan suke kafa dagi. A duk Zangon Ɗinya kuwa babu kore irin na bayan gidan wata tsohuwa, Iya Marka. Mijinta marigayi ne ya haƙa mata 'yar rijiya marar zurfi a tsakiyar lambunta, ya kafa mata jigo, doguwar sandar nan mai nauyi a gindi da guga a kai, wadda ko tsohuwa za ta iya sunkuyarwa ta ɗebo ruwa ba tare da jan igiya ba. Daga bakin rijiyar ruwa ke bin 'yan hanyoyi zuwa kowane fangali. Ga alayyahu, ga yakuwa, ga kuɓewa da gauta da barkono, zogale kuma ya zagaye danga. Rabin miyar ƙauyen daga nan take fita, wata ta kawo mata daddawa ta tsinki ganye, wata ta zo hannu sake ta koma da cikin ƙwarya. Barmo ya leƙa ta saman danga, ya ga wannan ni'ima, ya ce, "Alhamdu lillahi, ga idon ruwa nan!" Ya ɗan matsa daga dangar, a filin da ba na kowa ba, ya haƙa rijiya mai zurfin gaske, aka ɗaga bakinta da dutse, ruwa ya kawo garau. Kowa ya yaba, kowa ya sa wa marigayiya albarka.

Shekarar farko damina ta sauka da wuri, ƙasa ta ƙoshi, ba wanda ya lura da komai. A shekara ta biyu sai bazara ta yi tsawo. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙamshin ruwa, mata su ruga su kwashe shanya, sai kuma ya watse kamar da wasa, a wayi gari da zafin da ya fi na jiya. Tafkuna suka tsattsage, garken shanu da ayarin fatake suka koma kan rijiyar sarki, ana ja daga asuba har magariba. Ita kuwa rijiyar Iya Marka, wadda ba ta taɓa ƙafewa ba tun ranar da aka haƙa ta, sai ruwanta ya yi ta ja da baya, har wata safiya tsohuwar ta sunkuyar da jigo, guga ya dawo mata da taɓo.

Ganye in ya mutu ana sake shukawa, wannan bai hana ta cin tuwo ba. Abin da ya tayar mata da hankali fangali ɗaya ne can a kusurwa, na albasar iri. Wata jar albasa ce mai daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba, wadda surukarta ta zo da irinta daga garinsu, kuma a duk ƙasar babu mai ita sai Marka. Kowace shekara takan ware kawunan da suka fi kyau ta sake binne su, su yi tsiri su fitar da fure, in 'ya'yan sun ƙosa ta karkaɗe su a ƙwarya ta adana, domin irin albasa ba ya shekara biyu a ajiye. A bana furen ya buɗe, 'ya'yan sun kama amma ba su ƙosa ba. In ruwa ya yanke musu a wannan gaɓa, to ba girbin bana kaɗai ya tafi ba, irin ne ya ƙare.

Sai ta tsinko fure ɗaya da ya fara laushi, ta ƙulle a bakin mayafi, ta dogara sanda har fada. Da aka yi mata iso ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ajiye furen a gaban sarki, ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki, Allah ya kai ladan rijiya kabarin Mai Babban Ɗaki. Ban zo ƙarar kowa ba, wa ma zan yi ƙara? Na zo ne in shaida wa sarki cewa tun da aka haƙa tasa tawa take ciwo, yau kuma ta ƙafe, ga kuma abin da zai bi bayanta."

Fadawa suka yi mata caa, "Hattara, tsohuwa! Sadakar sarki kike wa baki?" Sarki ya ɗaga hannu suka yi tsit. Bai taɓa tsammanin wani zai zo masa da kuka ta ƙofar da yake jiran addu'a ba.

Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Zan ba ki fili a fadamar kogi, wanda ya ninka naki, ki koma can."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Sai dai ƙasar lambun nan toka da takin awaki na shekara da shekaru ne suka mai da ita abin da take, ba ta naɗuwa kamar tabarma. Albasa kuma in an tumɓuke ta da fure, ta gama."

"To a ƙara wa rijiyarki zurfi."

"Jigo ba ya kaiwa nesa, ranka ya daɗe, ni kuma kafaɗuna sun wuce jan igiya. In ma tawa ta fi taka zurfi ita za ta shanye taka, gobe kai ma a ƙara maka, mu yi ta bin juna ƙasa."

"Sai in ba ki barori su riƙa ɗebo miki daga tawa, kyauta daga gare ni."

Tsohuwa ta murza bakin mayafinta, ta ce a hankali, "Kyautar sarki tana da girma, amma sarki yana da abubuwa da yawa da zai tuna. Ranar da ya manta, ko ranar da aka aiki baran wani wuri, albasa ba ta san uzuri ba. Da can, ranka ya daɗe, ba na jiran kowa."

Wannan magana ta ƙarshe ta soki sarki, ya ji kunya haɗe da haushi, bai san wanne ya fi yawa ba. Ya juya ga Ukashatu ya ce, "Waziri, ka ji da kunnenka. Shari'a ce tsakanina da tsohuwar nan, na sa ta a hannunka. Rijiyar uwata ba za a cike ta ba, ba kuma za a kori mai ƙishirwa daga bakinta ba. Marka ba za a tashe ta daga inda take ba, albasar nan kuma ba za ta mutu ba. Ka nemo hukuncin da zai ɗauki wannan duka, ka kawo mini shi tun furen yana da rai. In ka zo bayan ya bushe, ka riƙe hukuncinka, ba ni da bukatarsa."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, na karɓa, Allah ya ba sarki nasara." Amma a ransa cewa yake, yau nauyin bakin nan nawa zai iya kashe abu mai rai.

Kafin ya kai ga dokinsa sai wani babban bafade ya ja shi gefe, ya raɗa masa, "Allah ya gafarta Waziri, me zai sa ka wahalar da kanka? Dubi gabas. Ruwa na nan tafe, yau ko gobe. Ka ɗan ja ƙafa, da an yi ruwan farko rijiyar tsohuwa ta kawo, magana ta mutu, kai ba ka ɓata da sarki ba, ita kuma ba ta rasa komai ba." Ban ɓoye maka ba, mai karatu, shawarar ta yi wa waziri daɗi, domin malami ma mutum ne, kuma babu wanda ke marmarin ya dubi ubangidansa ya ce masa ka yi kuskure. Ya hau doki yana duban hadari, yana roƙon Allah a ɓoye ya sauke masa wannan kaya da ruwan sama.

Da ya isa Zangon Ɗinya abin da ya fara yi shi ne ya sa barorinsa su riƙa ɗebo ruwa a tulu suna kai wa fangalin albasa kafin a ga abin da hali zai yi. Ranar farko suka yi himma. Kashegari suka makara. Ranar kasuwa kuwa, da shanu da raƙuma suka yi wa rijiya zobe, ko kusa da bakinta ba su iya zuwa ba sai da rana ta take, suka kawo ɗan abin da ƙasa ta lashe nan take. Waziri yana tsaye a wurin aka yi haka, ina ga ranar da ba ya nan? Ya ga tsohuwa ba ta faɗi ƙarya ba.

Ya same ta a tsugune tana rufa wa gindin albasar ciyawa don kada rana ta ƙarasa shanye 'yar laimar da ta rage. Alayyahu ya kwanta, kuɓewa ta zubar da fure, amma ita ko kallonsu ba ta yi. Ya ce, "Iya, mutane na cewa ruwa ya kusa. Ke me kika gani?"

Ta nuna masa wani babban gawo a bakin hanya, ta ce, "Allah ya gafarta Waziri, ruwa na Allah ne, in ya so yanzu ma sai ya saukar. Amma ni tun ina amarya a gidan nan, sai gawon can ya fara zubar da ganye nake sa rai. Ga shi kuwa har yanzu lulluɓe yake." Ta shafa wani fure da bayan hannunta, ta ƙara da cewa, "Waɗannan ba za su iya jira ba."

Nan waziri ya ji kunyar roƙon da ya yi a kan doki. Ya ce a ransa, ko da a ce ruwa ya sauka yau ya ceci albasar, ai ba gyara ya yi ba, rufewa ya yi, kuma bazara mai zuwa za ta yaye rufin a lokacin da wataƙila tsohuwar ba ta da ƙarfin dogara sanda zuwa fada. Daga ranar bai sake duban gabas ba.

Sai dai shi ba ya yanke hukunci a kan zato, ko da zaton ya yi ƙarfi. Ya sa aka rufe bakin rijiyar sarki da itatuwa tun daga la'asar, ya hana kowa ja sai gari ya waye rana ta ɗaga. Da safe ya tsaya a kan rijiyar Marka, ya ce ta sunkuyar da jigo. Guga ya sauka, aka ji ƙarar ruwa, ya taso da rabi. Shi ke nan, magana ta tabbata: jijiya ɗaya ce ke ciyar da rijiyoyin biyu, mai zurfi tana janye rabon marar zurfi.

Amma da ya fito daga lambun sai ya ga farashin shaidar da ya samu. Mata sun jeru da tuluna, fatake sun sauke kaya sun yi jugum, shanu na kuka suna tunkuɗar itatuwan. Wani tsohon makiyayi ya zo ya durƙusa a gabansa, leɓɓansa a tsage, ya ce, "Ranka ya daɗe, tun jiya muke tafe saboda rijiyar nan. Me muka yi aka rufe mana?" Waziri ya ce a buɗe maza. Ya koma gindin wata ɗinya ya zauna. Malamai sun ce rijiya tana da hurumi, ba a haƙa wata kusa da ita har a cuce ta, wannan gaskiya ce kuma tana tare da Marka. Mai ƙishirwa ba a hana shi ruwa, wannan ma gaskiya ce kuma tana tare da sarki. Ya jujjuya su ta kowace fuska, ko wacce ya ɗaga sai ta danne 'yar'uwarta.

Da zama ya ishe shi ya tashi ya nufi bakin rijiyar don ya yi alwala. Kai, abin dariya abin tausayi! Waziri guda, da rawani da komai, sai ga ƙafarsa ta nutse cikin taɓo har idon sawu, ya zaro ƙafa takalmi ya ƙi biyo shi. Matan da ke wurin suka kau da kai suna danne dariya da bakin zane. Shi kuwa ya tsaya cak da ƙafa ɗaya babu takalmi, yana duban taɓon. Ƙasar duniya duk ta bushe ta tsage, me ya kawo wannan caɓi a nan, har yana wari, har ƙudaje na binsa?

Bai tambayi kowa ba, ya zuba ido. Wata mata ta jawo guga, ta zuba a tulunta, ta girgiza shi, ta watsar a ƙasa, sa'an nan ta sake jawowa ta fara cikawa. Wani falke ya jawo, ya ɗauraye salkarsa da ƙoƙonsa, ya watsar. Makiyayi ya jawo, ya wanke kwamin da shanu za su sha, ya kifar. Al'ada ce da kowa ya tashi ya tarar: gugan farko ba a sha, na ɗauraya ne, don igiya da guga sun sha ƙasa a hanya. Babu wanda ya taɓa ƙirga shi a matsayin ruwa. Waziri ya dubi bakin rijiyar da aka ɗaga da dutse, ya dubi dangar Marka da ke gangare kaɗan, sai ya ce, "Allahu akbar!" da ƙarfi har matan suka razana. Ya bar takalmin a nan, ya aika a kira Barmo, ya hau doki sai fada.

Ya tarar da sarki a zaune cikin fadawa. Ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ƙara wa sarki imani. Na zo da hukunci, amma a gabansa akwai magana mai ɗaci, ina neman izinin in faɗe ta."

Sarki ya ce, "Faɗi."

"Ruwan da ake sha ana yi wa Mai Babban Ɗaki addu'a, akwai na Marka a ciki. Barmo ya bi korenta ne ya sami ruwa, bai kuwa yi da mugunta ba, haka sana'arsu take. Kai ma ba ka sani ba. Amma rashin saninku bai mayar mata da ko cikin ludayi ba."

Fuskar sarki ta sauya. Da ya buɗe baki kuwa ba faɗa ya yi ba, muryarsa ce ta yi rauni, ya ce, "Waziri, kana nufin abin da na aika wa uwata duk wannan lokaci, da kayan wata na haɗa?"

Waziri ya ji tausayinsa ƙwarai. Ya ce, "Lada na hannun Allah, ranka ya daɗe, shi ya san niyyarka, kuma dubban da suka sha sun sha. Abin da ke hannunka shi ne yau. Ga hukuncin. A sa kwamin dutse a jikin rijiyar, a ja masa hanya ta ƙarƙashin danga ta haɗu da hanyoyin lambun. Duk wanda ya zo ɗiban ruwa, gugan farkon nan da yake watsarwa a ƙasa, ya ɗauraye abinsa ya juye a kwamin. Ba a rage wa mai ƙishirwa ko kurɓi ba, domin dā ma zubarwa yake yi. Ranar da aka fi ja, ranar da rijiyar Marka ke fi ƙafewa, ranar ce gugan farko zai fi yawa. In damina ta sauka masu ja suka ragu, tata ta kawo da kanta. A yi shela a kasuwa cewa wannan ba taimako ne ake yi wa tsohuwa ba, sharaɗin rijiyar ne, yana nan ko sarki ya tuna ko ya manta, ko Marka na raye ko magadanta."

Sarki ya numfasa ya ce, "Madalla. A aikata."

"Da saura, ranka ya daɗe. In dogari ya fara zubawa, mutane za su ce umarni ne, ranar da babu dogari su bari. In maƙwabta suka fara, za a ce sadaka ce ake ba gajiyayya, ita kuwa ba bara ta yi ba. Da sunanka aka ɗauka, da hannunka ya kamata a fara mayarwa."

Fadawa suka zazzaro ido, wani har ya fara salati. Sarki zai ja guga kamar bawan gona? Sarki Mamuda ya dubi furen albasar nan da har yanzu yake ajiye a gefen shimfiɗarsa, ya riga ya bushe ƙayau, ya miƙe ya ce a ɗaura sirdi.

Kafin su isa Barmo da mutanensa sun kafa kwami sun ja hanya, shi kansa Barmo yana aikin kamar zai cinye ƙasar don nadama. Jama'a ta taru maƙil. Sarki ya sauka, ya naɗe hannun riga, ya karɓi igiya daga hannun tsohon makiyayin nan. Rijiyar kuwa da zurfi, shi ya ce a yi ta haka. Ya ja, ya ja, gumi ya karyo masa, igiya ta ci tafin hannunsa, ba wanda ya yi gigin taya shi domin waziri ya hana da ido. Da guga ya iso ya rungume shi, ruwa ya jiƙa masa gaban alkyabba, ya juye a kwami. Makiyayi ya biyo baya, sai mata, sai fatake, kowa ya ɗauraye ya juye, har hanyar ta cika ta fara tafiya.

Iya Marka na tsaye a cikin danga da 'yar fartanya. Da bakin ruwan ya ɓullo, yana tura busassun ganye a gabansa, ba ta ce da kowa komai ba. Ta bi shi a duƙe, tana toshe hanyar alayyahu, tana toshe ta kuɓewa, tana kora shi gaba har kusurwa. A nan ta ajiye fartanya ta buɗe bakin fangalin da hannunta, ruwa ya shiga tsakanin albasar, ƙasa na sha tana ƙara. Ta tsuguna tana kallo, hawaye na bin kuncinta, ta juya wa sarki da jama'arsa baya kamar babu su.

Sarki na leƙe ta saman danga yana hura tafin hannunsa. Ya jira, ya jira, sa'an nan ya ce ƙasa-ƙasa, "Waziri, ko duba na ba ta yi ba, balle godiya."

Waziri ya ce, "Da kyauta ka yi mata, ranka ya daɗe, da ta faɗi ta yi godiya har ƙasa. Nata ka mayar mata."

Sarki ya yi murmushi idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce, "Wallahi an sha yi mini godiya, amma ban taɓa jin wadda ta sanyaya mini rai kamar wannan da aka hana ni ba." Ya tuɓe alkyabbar nan da jiƙarta ya yafa wa Ukashatu a gaban jama'a, ya ba shi dokin da shi kansa ya hau, ya kuma sa a ɗinka masa takalmi, domin har lokacin ƙafarsa ɗaya a tsirara take. Sa'an nan ya kafa doka cewa daga ranar ba za a sake haƙa rijiya da sunan sarki ba sai an tsaya an tambayi mai koren da aka gani.

Ruwan sama bai sauka ba sai bayan furen ya ƙosa ya yi baƙi, Marka ta karkaɗe shi a ƙwarya, ta ƙulla kaɗan a tsumma ta aika wa waziri, ta ce a gaya masa a yayyafa shi sama-sama, ba ya son zurfi. Ita jar albasa ta yaɗu a ƙasar, mutanen Zangon Ɗinya kuma suka riƙe al'adarsu, baƙo in ya zo zai watsar da gugan farko a ƙasa sai a riƙe masa hannu a nuna masa kwami.

Ka lura, ya kai mai karatu, musamman in Allah ya ba ka iko ko wadata: alheri na iya wucewa ta kan mutum ya take shi ba tare da mai alherin ya ji ba. Saboda haka mai mulki ya fara mayar da haƙƙi kafin ya miƙa kyauta, domin kyauta tana tsayawa ranar da mai ita ya manta, adalci kuwa yana gudana ko bayan an manta da wanda ya yi shi. Allah ya sa mu mayar da abin da ke hannunmu na mutane tun furensu yana da rai.